Ƙibar da na rage ta dawo har da ƙari, ta ina zan sake farawa?

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce mai shekara 36, ina da 'ya'ya huɗu, kuma ina koyarwa a wata makarantar firamare a nan birnin Kano. Bayan haihuwata ta ƙarshe nauyina ya kai kilo 97, gwiwoyina suka fara ciwo, har tashi daga sujada ya zame mini aiki. Wata ƙawata ta saka ni a wani zauren WhatsApp na masu rage ƙiba, inda muke biyan kuɗi duk wata, shugabar zauren kuma tana sayar mana da wani shayi. Aka ce mu bar tuwo da shinkafa da burodi da taliya gaba ɗaya, mu riƙa cin abinci sau ɗaya a rana. Na daure, cikin wata huɗu na sauko zuwa kilo 79. Na rabar da tsofaffin kayana, na ɗinka sababbi.

A gida ban samu wanda ya taya ni murna ba. Surukata ta kira maigidana ta tambaye shi ko ya daina ciyar da ni ne, a wurin biki kuma ana ta tambayata ko ba ni da lafiya. Shi maigidan cewa yake ni na ɗora wa kaina, kuma kusan kullum da dare sai ya shigo da tsire ko gurasa. Daga nan azumi ya zo, sai bikin ƙanwata, sai mahaifiyata da ke fama da ciwon sukari ta kwanta a asibiti, na yi wata biyu ina jinyarta, abin da na samu shi nake ci. Yanzu, bayan shekara ɗaya da wata biyu, na hau sikeli na ga kilo 101.

Na fita daga zauren saboda kunya, domin duk Juma'a ake turo hoton sikeli, wadda ta ƙaru kuma a ce ba ta da zuciya. Na daina zuwa biki saboda kayana sun daina shiga ta. Idan kowa ya yi barci nakan shiga kicin in cinye ragowar abincin yara a tsaye, in koma ɗaki in yi kuka. A wurin aiki ana ce mini “Hajiya, an dawo gida ke nan,” maigida ma yakan zolaye ni a gaban yara. Kwanan nan aka auna ni a kemis aka ce jinina ya ɗan hau. Ina tunanin in koma shan shayin nan in daina cin abinci, amma ina jin tsoro. Anti, da gaske ni ce ba ni da zuciya? Ta ina zan fara, kuma wa zai taimake ni?

Wata baiwar Allah, Kano

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Da farko ina yi wa Mama addu'ar samun sauƙi mai ɗorewa, ke kuma Allah ya saka miki da alheri a kan jinyar da kika yi mata. Tambayarki ta ko ke ce ba ki da zuciya ita zan fara amsawa, domin na ga ita ce ta fi ci miki rai. Matar da ta yi wata huɗu tana cin abinci sau ɗaya a rana alhali tana tsaye a gaban aji tun safe, ta dawo ta tuƙa wa mutum biyar tuwon da ba za ta ɗanɗana ba, sannan ta kwashe wata biyu a kan tabarmar asibiti kusa da gadon mahaifiyarta, ba wanda ya isa ya ce ba ta da zuciya. Zuciyar ce ma ta yi yawa, aka ɗora ta a kan hanyar da ba mai iya dawwama a kanta.

Ina so ki san abin da ya faru a cikin jikinki, saboda sanin sa zai rage miki nauyin zargin kai. Jikin ɗan Adam bai san bambanci tsakanin wanda ya rage abinci da gangan da wanda fari ya auka wa garinsu ba. Da zarar kitse ya fara raguwa da sauri, sai jiki ya shiga tsimi: ya rage yawan ƙarfin da yake ƙonawa ko da mutum yana kwance, sinadarin da ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya, wanda ake kira leftin, ya yi ƙasa, shi kuma mai tayar da yunwa, girelin, ya yi sama. A shekarar 2011 wasu likitoci a birnin Melbon na ƙasar Ostareliya sun wallafa sakamakon binciken da suka fara da mutum 50, waɗanda aka sa wa tsauraran dokokin abinci na mako 10 har suka zubar da kimanin kilo 13 da rabi a matsakaicin lissafi. Da aka sake auna su bayan shekara guda, sai aka tarar sinadaran nan ba su koma yadda suke ba, kuma mutanen suna jin yunwa fiye da yadda suke ji kafin a fara. Wannan ita ce yunwar da take tayar da ke da tsakar dare ta kai ki kicin. Ƙari a kan haka, wanda ya rame ta hanyar yunwa ba kitse kaɗai yake zubarwa ba, har da tsoka, ita kuwa tsoka ita ce ke ƙona abinci. Idan nauyin ya dawo, yawancinsa kitse ne yake dawowa, shi ya sa mutum kan wuce inda ya faro, kamar yadda kika tashi daga 97 kika tsinci kanki a 101. Mafi yawan waɗanda suka rage nauyi da irin wannan tsari nauyin yakan dawo musu, a Kano ne ko a Amurka.

Don haka batun komawa ga shayin nan da daina cin abinci, ina roƙonki da ki cire shi daga ranki. Da yawa daga cikin shayin rage ƙiba ganyen filasko ne ko danginsa a ciki, wani kuma da abin da ke sa yawan fitsari. Abin da suke fitarwa ruwa ne da gishirin jiki ta hanyar zawo da fitsari, sikeli ya nuna an ragu, kitsen kuma yana nan inda yake. Wanda ya daɗe yana sha yakan wayi gari hanjinsa ba ya aiki sai da shi, kuma raguwar gishirin jiki na iya taɓa bugun zuciya, ga shi ke an riga an ce jininki ya fara hawa. Shugabar zauren ban san zuciyarta ba, ta yiwu ita ma ta yi imani da abin da take sayarwa. Amma duk wanda zai karɓi kuɗin mata ya hana su abincin gidansu gaba ɗaya, sannan ya kunyata wadda ta ƙaru a gaban 'yan uwanta, ya ɗauki alhaki, kuma fitarki daga wurin ba asara ba ce. Abu ɗaya na alheri da zauren ya ba ki shi ne abokan tafiya. Ina jin rashinsu ne ya fi damunki yanzu, kuma zan dawo kan yadda za ki same su ba tare da tozarci ba.

Matakin farko shi ne asibiti, kafin ki sauya ko da cokali ɗaya na abincinki. Awon kemis na rana ɗaya bai isa a ce mutum yana da hawan jini ba, sai an maimaita a ranaku daban-daban an ga yana kai 140 bisa 90 ko sama da haka, amma ya isa ya zama gargaɗi. Ki je sashen ganin likita na yau da kullum a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko Asibitin Murtala, ko na Nassarawa, ko duk wanda ya fi kusa da ke, ki nemi a auna jininki yadda ya kamata, a auna sukari kafin ki karya kumallo, tunda mahaifiyarki tana da ciwon, wannan kuwa yana ƙara yiwuwar ke ma ki same shi. Ki gaya wa likita duk maganin da kike sha ko allurar da ake miki. Allurar tazarar haihuwa ta wata uku tana ƙara wa wasu mata nauyi, haka magunguna irin su firedinisolon da dekzametason da ake yawan ba masu ciwon gaɓɓai ko asma, waɗanda wasu ma suke sha da gangan da sunan sha-ka-fashe. Kada ki dakatar da kowane magani da kanki, likita ne zai duba ko akwai madadinsa. Idan al'adarki tana rikicewa, ko kina yawan jin sanyi da kasala da bushewar fata, ki faɗa, domin raunin aikin tayirod, wato ɓangaren maƙogwaro da kan kumbura ya zama maƙoƙo, yana cikin abubuwan da ake dubawa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, saboda haka maganar cin dare a ɓoye da kukan da ke biyo baya ita ma ki faɗe ta kamar yadda kika faɗa mini. Idan abin yana faruwa duk mako, kina ci har ki ji ba ki iya tsayawa, ko kuma baƙin cikin ya hana ki barci da jin daɗin abin da kika saba so, wannan lalura ce da likitoci suka san ta kuma suke da hanyar magance ta. Daga ƙarshe ki roƙa a tura ki wurin ma'aikatan da ke tsara abincin masu ciwon sukari da hawan jini, su ne za su auna miki abinci daidai da jikinki da aljihunki.

Yanzu sai mu zo kan lambar da za ki sa a gaba. Na san ranki yana kan 79, saboda kayan da kika ɗinka suna cikin akwati suna jiranki. Ni shawarata ita ce a watan farko kada ki nemi ragin komai, ki nemi kawai hawan ya tsaya, jikinki ya sake yarda cewa abinci zai zo a kan lokaci. Bayan nan ki sa kilo 94 a gaba, cikin wata shida. Ga dalilina. A shekarar 2002 aka fitar da sakamakon wani babban bincike a Amurka da ya ƙunshi mutum sama da 3,000 waɗanda sukarinsu ya fara hawa amma bai kai ciwo ba. Waɗanda aka ɗora a kan burin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu tare da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu da ciwon sukari ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Kashi 7 cikin ɗari na nauyinki kilo bakwai ne kacal. Wannan ɗan ragin yana sassauta hawan jini, kuma gwiwoyinki za su ji shi tun kafin madubi ya nuna. Rabin kilo a mako ya isa, wani makon ma ba za ki ga komai ba. Idan kika kai 94 kika zauna a kai wata uku ba tare da wahala ba, sai ki duba ko za ki ƙara gaba.

Abinci kuwa, duk tsarin da zai raba ki da tukunyar gidanki ba zai yi tsawon rai ba. Ke kike cefane, ke kike girki, kuma ba zai yiwu ki riƙa ɗora tukunya biyu har ƙarshen rayuwarki ba. Ki ci tuwo, ki ci shinkafa, ki ci ɗanwake da dambu, gyaran yana cikin awo da abin da ke rakiya. Ki raba farantinki a ido: rabi ganye, wato kwaɗon zogale ko rama, ko alayyahu, ko kabeji da kokwamba da yalo, kashi ɗaya cikin huɗu wake ko awara ko ƙwai ko kifi ko nama, ragowar kashi ɗayan shi ne tuwon ko shinkafar. Malmala ɗaya madaidaiciya da miya mai yawa ta fi malmala biyu da miyar da ake dangwala. Tuwon dawa da na gero da na alkama sun fi daɗewa a ciki fiye da farar shinkafa da burodi, kuma ba sai kin nemi kayan gwangwani masu tsada daga manyan kantuna ba: ganye yana Yankaba, hatsi yana Dawanau, 'ya'yan itace suna 'Yan Lemo, kuma ko mai tallan unguwa yana kawo yawancinsu ƙofar gida. Inda muke yawan faɗawa mu mutanen Kano shi ne mai. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja yana ɗauke da kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, kusan 120, mu kuwa kwarara shi muke yi daga galan a kan garau-garau da taliya da gurasa ba tare da awo ba. Ki ajiye cokali a bakin galan ɗin, ki riƙa aunawa, ki rage kaɗan-kaɗan yadda 'yan gidan ba za su ma lura ba. Gishiri da dunƙulen ɗanɗano su ma a sassauta, daddawa da albasa da citta su cike gurbin.

Sai abin sha, wanda a ganina shi ne wuri mafi sauƙin samun nasara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babban mutum yake sha a rana ya wuce kimanin giram 50, wato ƙaramin cokali 12, ta kuma ce rabin haka ya fi. Ƙaramar kwalbar lemo ɗaya tana iya cinye cokali takwas ko tara daga ciki, kafin a zo ga shayin safe da madarar gwangwani, da kunu, da zoɓo ko kunun aya na sayarwa waɗanda ba ki san yawan abin da aka zuba musu ba. Ki haɗa zoɓonki a gida da citta da kanumfari, ki dama furarki da nono ba sukari ko da ɗan kaɗan, lemon kwalba kuma ya zama na ranar biki.

Cin daren da yake sa ki kuka, maganinsa yana farawa ne tun da safe. Wadda ta fita makaranta da ruwan shayi kawai, ta wuni ba ta ci komai ba saboda tana jin laifi, dole dare ya karɓi bashinsa. Ki karya da abu mai riƙe ciki, kamar ƙwai biyu ko alale ko ɗumamen tuwo kaɗan, ki tafi da abincin rana a kula, ki ci na dare a zaune tare da iyalinki jim kaɗan bayan Magariba. Ragowar abincin yara kuma na san tarbiyyar da aka yi mana ta ƙyamar zubar da abinci ce take sa ki ji ba za ki iya barin sa ba, kuma tarbiyya ce mai kyau. To ki rage abin da kike zuba musu tun farko, wanda bai ƙoshi ba ya nemi ƙari, abin da ya saura kuma a rufe shi tun da wuri a ba almajiri ko a ajiye don ɗumame, kada ya kwana a buɗe yana jiranki. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito, wanda ya kasa ciki kashi uku, na abinci da na ruwa da na numfashi, ya yi hani ga cika ciki, amma ki lura ya bar wa abinci kasonsa. Ki kuma yi ƙoƙari ki samu barcin awa bakwai, ki ajiye waya da wuri, domin ƙarancin barci shi kansa yana ƙara yunwa.

Motsa jiki ba sai na tsawaita ba. Minti 30 na tafiya da ɗan sauri, kwana biyar a mako, shi ne minti 150 ɗin da aka ambata, kuma za ki iya farawa da minti goma saboda gwiwa. Bayan sallar Asuba ya fi, musamman a watannin zafi daga Maris zuwa Mayu, da hijabinki da takalmi mara tudu. Ranar da fita ba ta yiwu ba, kewaya tsakar gida ma tafiya ce, haka sauka daga adaidaita sahu kafin a iso layinku. Sau biyu a mako ki ƙara abin da zai dawo miki da tsokar da kika rasa, kamar zama da tashi daga kujera sau goma-goma, ko ɗaga gorar ruwa da hannu.

Maigida shi ne wanda nake ganin za a fi samun riba idan aka jawo shi. Daga abin da kika rubuta ban ga mugun nufi a wurinsa ba. Mutumin da yake tsayawa wurin mai tsire kullum dare don ya shigo wa iyalinsa da ƙunshi, a fahimtarsa kulawa yake yi, kuma da ya ce shi bai sa ki ramewa ba, wataƙila yana so ki ji cewa yana son ki yadda kike. Kada kuma mu manta mahaifiyarsa ta kira shi ta tuhume shi da rashin ciyarwa, wannan kuwa magana ce mai zafi ga magidanci. Sai dai zolayar da yake yi miki a gaban yara kuskure ce, tana karya ki, kuma tana koya wa 'ya'yanku cewa jikin mutum abin dariya ne, 'yan matan ciki su ne za su fi ɗaukar wannan darasin. Ki zaɓi lokacin da kuke ku biyu, ba cikin fushi ba, ki nuna masa takardar asibiti, ki ce masa kina tsoron bin sawun Mama kuma ba za ki iya ke kaɗai ba. Maza da yawa ba su san me za su yi da kalmar “ka taimake ni” ba, saboda haka ki faɗa masa abu uku a fili: ya bar zolayar, ya mayar da ƙunshin dare na ranar Juma'a kawai, sauran kwanakin ya shigo da kankana ko gwaba ko lemo, sannan ya raka ki tafiyar Asuba ko da sau biyu a mako. Idan ya ga kamar hakan bai dace da girmansa ba, ki tuna masa abin da Abu Dawud ya ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da ita a wata tafiya ta wuce shi, bayan wani lokaci da ta yi jiki suka sake yi ya wuce ta, ya ce wannan ramuwar waccan ce. Shi ma maigidan, in ya haura arba'in, a auna jininsa da sukarinsa ranar da ya raka ki, sau da yawa daga nan ne gida gaba ɗaya yake sauya tukunya.

Surukarki ta taso ne a zamanin da ramewar matar aure take nufin ɗayan biyu, ko ciwo ko wahalar gidan miji, ƙiba kuma alamar hutu da wadata. Da ta ga kilo 18 sun zube daga jikinki cikin wata huɗu, tsoro ta ji, kuma tana kare mutuncin ɗanta a idon dangi. Ba na ganin akwai amfanin yin jayayya da ita. Ɗanta ne ya kamata ya yi mata bayani, da harshen da za ta karɓa: likita ya ce jinin matarsa yana hawa, kuma akwai ciwon sukari a gidansu. Tsofaffinmu suna girmama maganar lafiya ko da ba su yarda da maganar ado ba. Za ki ma iya neman shawararta a kan yadda suke sarrafa dawa da gero da ganyaye a da, domin abincin da ake so ki koma gare shi ya fi kusa da wanda ta ci tana budurwa fiye da wanda muke ci yau. Tunda kuma wannan karon a hankali za ki sauka, da wuya ma ta ga abin da zai tayar mata da hankali. Abokan aikinki kuwa, jimla ɗaya cikin natsuwa ta wadatar: “Don Allah a bar maganar jikina, ba na jin daɗinta.” Masu mutunci a cikinsu za su bari, kuma su ne suka fi yawa.

Abokan tafiyar da na yi miki alkawari ba su da nisa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma ba sai kin tara mata hamsin ba. Ki duba cikin malaman makarantarku, ko 'yan ajinku na Islamiyya, ko maƙwabtanki, na tabbata akwai mace ɗaya ko biyu da suke ɗauke da irin damuwarki suna ɓoyewa, wataƙila har da ƙawar da ta saka ki a zauren, domin ban yi mamaki ba idan ita ma nata ya dawo. Ku ƙulla ƙawance mai sharaɗi: ba a sayar da komai, ba a turo hoton sikeli, ba gori. Abin da za ku riƙa tambayar juna shi ne ko an yi tafiyar yau, ko an karya kumallo, wadda ta yi shiru kwana uku kuma a kira ta a ji lafiya. Mahaifiyarki ma abokiyar tafiya ce, tunda abincin da aka tsara mata kusan shi ne naki, kuna iya yin cefanen ganye tare kuna tuna wa juna. A Amurka akwai wani kundi da aka buɗe tun 1994 na mutanen da suka rage aƙalla kilo 13 suka kuma riƙe ragin shekara guda ko fiye, kuma abin da aka ga yawancinsu suna yi shi ne karin kumallo kullum, da motsa jiki kusan kowace rana, da hawa sikeli aƙalla sau ɗaya a mako. Ke ma ki hau sau ɗaya a mako, da safe, ki rubuta a littafi don kanki, ki kuma auna ƙugunki da tef ɗin tela sau ɗaya a wata, domin wani lokacin ƙugu yana raguwa sikeli bai motsa ba. Idan kika ga kilo biyu sun ƙaru sun zauna mako biyu, ranar ce za ki kira ƙawarki, kada ki jira sai sun zama ashirin.

Azumi zai sake zuwa, biki zai sake zuwa, jinya ma Allah ya kiyaye amma rayuwa ba ta rasa irinta, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Waɗannan ukun su suka kayar da ke a baya saboda tsarin da aka ba ki bai tanadi komai dominsu ba. A azumi ki buɗe baki da dabino da ruwa, ki yi sallah, sannan ki ci faranti ɗaya, soye-soyen ya zama nau'i ɗaya a rana maimakon ƙosai da dankali da doya da ƙwai a tare, kuma kada ki bar sahur. A gidan biki ki ci kafin ki fita, ki zuba faranti ɗaya ki ci da daɗin rai, alkaki da dubulan ɗin da aka ba ki kuma ki raba wa maƙwabta. Ranar da kika zarce, abincin da ke biye ki ci shi yadda kika saba, kada ki rama da yunwa, domin ramuwar ce take sake kai ki kicin da dare. Idan kuma bayan wata shida kin yi iyakar ƙoƙarinki abin bai motsa ba, ko aka samu sukari ko hawan jini ya tabbata, ki koma wurin likita ku tattauna batun magani. Akwai allurai irin su Ozempic da Wegovy da ake ta magana a kansu, suna aiki, amma suna da tsada, akwai na jabu, kuma binciken da aka wallafa a 2022 ya nuna waɗanda suka daina sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka rage cikin shekara guda. Kada ki saye su a hannun kowa ta waya.

Abu na ƙarshe da nake so ki yi a wannan makon, bayan kin yanki katin asibiti, shi ne ki je Kantin Kwari ki sayi atamfa biyu da ranki yake so, ki kai wa telarki ta auna ki yadda kike a yau, ta bar ɗan wurin ragewa a cikin ɗinkin. Kayan kilo 79 ki ɗaure su ki kai can ƙasan akwati. Bikin da za a gayyace ki nan gaba ki saka sabon ɗinkinki ki je, domin zaman gida ke kaɗai yana cikin abin da yake ciyar da damuwar. Idan kin karɓo sakamakon gwaje-gwajen, ki sake rubuto mini ki gaya mini abin da likita ya ce da yadda kuka yi da maigida. Allah ya ba ki lafiya, ya ƙara wa Mama sauƙi.